Algarara da turaku: abin da na saya don shuke-shuken ƙofar gidana a sanyin Ottawa

Da muka tare a gidan nan na unguwar Barrhaven, a kudancin Ottawa, mun tarar da wasu shuke-shuke a jere a bakin hanyar shiga, su bakwai, kowanne kamar an kife ƙwarya. Bokswud ake ce musu. Ganyensu bai kai farcen ɗan yatsa ba, ba sa furen a zo a gani, ba sa 'ya'yan ci. Abin da ya sa mutanen nan suke sonsu shi ne ganyen ba ya kaɗewa. Duk itatuwan layi za su tuɓe tsirara tun daga Nuwamba, su kuwa suna nan shar.

Sanyin farko ban yi musu komai ba. Na ɗauka abin da aka haifa a ƙasar ƙanƙara ya fi ni sanin yadda zai yi da ita. Da dusar ƙanƙarar ta narke a watan Afrilu sai na ga uku daga cikinsu, ɓangaren da ke kallon titi da yamma, sun koma kalar busasshen ganyen masara, kamar an bi su da wuta. Ɗaya bai ƙara tashi ba.

Shi ya sa a ƙarshen Oktoba na nufi wani shagon sayar da shuke-shuke da ke bayan gari. Na ce wa dattijon da ke tsaron wurin ina neman bargon da zan lulluɓe su da shi. Bai miƙo mini komai ba sai da ya jero mini tambayoyi: ina gidan yake kallo, taku nawa ne tsakaninsu da kwalta, yaushe na yi musu ban ruwa na ƙarshe. Na ce tun farkon Oktoba na rufe famfon waje na naɗe tiyo, don kada bututu ya daskare ya fashe. Sai ya ce to ga matsalar nan, ƙishi ne ya ƙona su.

Bayanin da ya yi mini shi ne abu mafi daraja da na fito da shi daga shagon, kuma kyauta na same shi. Itacen da ya zubar da ganye ya huta. Wanda ya riƙe nasa kuwa, ruwa na ci gaba da fita ta ganyen duk ranar da aka yi rana ko iska ta kaɗa. Ƙasa kuma ta daskare ta zama dutse, saiwa ba ta iya jawo ko ɗigo ta mayar. A Janairu da Fabrairu a nan, daren da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili ba baƙo ba ne, washegari kuma rana ta fito tarwai. Yana cikin magana na tuna da faso da bushewar leɓe lokacin hunturu a Funtuwa. Iskar ce dai take tsotse ruwan jiki, sai dai ita shukar ba ta da man kaɗen shafawa.

Na fito da naɗin yadin buhu guda, mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10, da turakun katako goma sha biyu, da igiya, da buhu uku na daddatsen ɓawon itace, da kwalbar wani maganin feshi. Gaba ɗaya sun tasar wa dala 90 ta Kanada, kuma kwalbar ce ta ci kaso mafi tsoka.

Yadin nan da na warware shi a gareji sai da na yi dariya ni kaɗai. Algarara ce. Ita dai wadda muka sani, ta buhun gyaɗa da huhun goro, har da warin nan nata mai kama da na kananzir da ƙura. Daga Indiya da Bangaladash ake kawo yawancinta. A gida a ƙasa muke shimfiɗa ta mu goge ƙafa, a nan an naɗe ta a leda an manna mata hoton lambu. Saƙarta sakayau ce, kana hango hannunka ta ciki, kuma haka ake so, don ta rage ƙarfin iska da kaifin rana amma ta bar shukar ta sha iska. Leda ko tamfol ba sa wannan aikin. Da rana sukan tara zafi da gumi, da dare gumin ya daskare a kan ganye.

Inda na samu matsala shi ne hoton da ke jikin ledar. An nuna shuka an naɗe ta tsam, an ɗaure da igiya daga sama har ƙasa. Dattijon kuwa cewa ya yi in kafa turaku in kewaye su, in bar tazarar kamar tafin hannu biyu tsakanin yadin da ganye, saman kuma a buɗe. Wato zana, irin wadda ake kafawa a kare rumfa daga iska. Na yi niyyar bin maganarsa, amma na yi ta jan ƙafa har ƙarshen Nuwamba, lokacin ƙasa ta fara tauri. Maigida ya ɗauki guduma, turaku huɗu suka tsage a hannunsa. Katakon ba shi da ƙwari, wannan laifinsu ne. Jinkirin kuma nawa ne. Waɗanda suka rage sun isa mu kewaye shuka huɗu kawai, sauran biyun na bi hoton leda na ɗaure su kamar huhun goro.

Ba da niyya ba sai ga shi na yi gwaji. A tsakiyar Janairu aka yi kwana biyu na sassauci har da yayyafi, algarar ta sha ruwa, sanyi ya dawo ta daskare ta manne da ganyen. Dusar ƙanƙara kuma ta samu wurin zama a kan ɗaurin, ga Ottawa tana samun abin da ya haura mita 2 a shekara. Da na kwance su a Afrilu, ɗaya ta karye reshe biyu daga tsakiya, cikin ɗayar kuma ya yi baƙi-baƙi yana warin rima. Huɗun da ke bayan zana kuwa sun ɗan yi ja-ja a baki, wanda dama al'adarsu ce a sanyi, kafin ƙarshen Mayu suka koma kore kamar ba a yi komai ba.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadin kansa, ɓangaren da ya kalli titi. Ya yi fari fat, ya sandare kamar an sa masa sitati. Gishiri ne. Hukumar birni na barbaɗa shi a kan hanya, motar kwashe ƙanƙara ta zo ta watso shi gefe haɗe da caɓi. Duk wannan da a kan ganye zai sauka. Tun daga nan na hana yara zuba musu abin da suka kwaso da shebur daga bakin titi. Dusar da ta sauko daga sama mai tsabta kuwa ba na taɓa ta, in ta rufe su ma ya fi, don reshen da ke ƙarƙashinta ba ya ƙonewa. Sai in ta yi nauyi ne nake ɗaga rassan a hankali da tsintsiya daga ƙasa. Ranar da ƙanƙara ta sandare a jikinsu kuwa hannu ba ya kai musu, yanzu reshe ya ɓalle.

Maganin feshin ba zan ƙara saya ba. Daga ƙaron itacen fain ake yinsa, wai ya yi wa ganye rufi ya rage fitar ruwa. Sai an samu busasshiyar rana da ba a kai daskarewa ba kafin a fesa, kuma irin wannan ranar a ƙarshen Nuwamba sai an yi dako. Na fesa wa biyu daga cikin huɗun da ke bayan zana, na bar biyu. Ban ga bambanci ba. Bakin kwalbar ya toshe tun ban kai rabi ba, safar hannuna kuma ta yi danƙo har na jefar da ita.

Ɓawon itacen kuwa ya biya kuɗinsa. Kaurin santimita 5 zuwa 8 a kewayen gindi, bayan an shayar da ƙasar ta ƙoshi. Saiwar bokswud a sama-sama take, shi ya sa rufin yake mata amfani. A bar ɗan fili kada ya taɓa jikin itacen, in ba haka ba ɓeraye su yi ɗaki a ciki su gwaguye ɓawon. Yanzu famfon waje a rufe yake tun Oktoba, amma da bokiti nake ɗebo ruwa daga kicin duk mako har sai ƙasa ta ƙi karɓa. Aski da taki kuma na daina tun farkon Agusta, saboda sabon tohon da ya fito a makare ba ya yin ƙwari kafin sanyi.

Kyau dai babu shi. Wata biyar ƙofar gidana kamar rumbun da ba a gama ba. Na sha tambayar kaina amfanin shukar da ake so don korenta a sanyi, in a sanyin ne za a ɓoye ta. Ranar da na juya wa Inna kyamarar waya ta ga aikin, shiru ta yi, sannan ta ce, "Ke yanzu itace kike yi wa zana? Ko kishiya aka yi masa?" Na ce, "Inna, iska ce." Ta ce, "To Allah ya kyauta, ki dai sa wa jikokina safa."

Gurbin wadda ta mutu na cike shi da irin da ake kira Green Velvet, wanda aka samar a nan Ontariyo ta hanyar haɗa irin Turai da na Koriya don ya jure sanyi. A shagon na saya, kuma dattijon ya duba ƙarƙashin ganyenta kafin ya ba ni, saboda tsutsar wani malam-buɗe-littafi da aka fara gani a Toronto a 2018 tana cinye bokswud. Wannan kam algarara ba ta maganinta.

Yadin ya yi mini sanyi biyu. A na biyun kurege ya gano shi, ya riƙa zare zaren yana kai wa sheƙarsa, gindin kuma ya fara ruɓewa inda ya taɓa ƙasa. Bana na sayi sabon naɗi, amma turakun na ƙarfe na nema a wani wurin, na kafa su tun ranar 20 ga Oktoba ƙasa na da laushi. Yadin yana gareji, sai ƙarshen Nuwamba zan ɗaura.