Man capsaicin na shafawa: yana rage raɗaɗin ƙafa, amma sai mai haƙuri

Idan ciwon sukari ya daɗe a jiki, yawan sukarin da ke cikin jini yakan lalata ƙananan jijiyoyi tare da hanyoyin jinin da ke ciyar da su, kuma ɓarnar takan fara ne daga yatsun ƙafa sannan ta hauro sama. Kusan rabin masu ciwon sukan gamu da wannan matsala a tsawon rayuwarsu, wasu ƙafar ta mutu ba sa jin komai, wasu kuma ta riƙa zugi da raɗaɗi kamar an taka garwashi, musamman da dare. Ina cikin rukuni na biyun, kuma man capsaicin mai ƙarfin kashi 0.075 cikin 100 shi ne abin da likita ya ba ni bayan ƙwayoyi sun hana ni sakat da jiri.

Capsaicin shi ne sinadarin da ke sa barkono yaji. Aikinsa shi ne ya yi ta tsokanar bakin jijiyoyin da ke kai saƙon zafi har su gaji su rage amsawa, shi ya sa kwanakin farko suka fi wuya, domin ƙafar da dama take raɗaɗi sai ta ƙara ɗaukar zafi bayan an shafa. A nan ne mutane da yawa suke jefar da shi, kuma ban ga laifinsu ba. Sauƙin ba ya zuwa sai an lizimci shafawa sau 3 zuwa 4 a kullum na tsawon makonni, kuma a wurina abin da ya fara gyaruwa shi ne barcin dare, ko da yake zugin bai ɓace gaba ɗaya ba.

Shafa shi yana buƙatar kula. Ɗan kaɗan ake lakata a murza har ya shige fata, a wanke hannu da sabulu nan take, domin ragowarsa a ɗan yatsa idan ta taɓa ido ba ƙaramar azaba ba ce. Ruwan zafi yana tayar da raɗaɗin, kuma idan man ya bushe a kan fata ƙurarsa takan jawo atishawa da tari.

Fifikonsa a kan ƙwayoyin sha irin su pregabalin da duloxetine, waɗanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da su don wannan raɗaɗin jijiya a 2004, shi ne kaɗan ne daga cikinsa yake shiga jini, saboda haka babu jiri, babu magagi, babu tashin zuciya. Sai dai bai kai su sauƙin amfani ba, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauka man yana warkar da jijiya. Ba ya warkarwa, zafi kawai yake dushewa, ɓarnar kuwa tana ci gaba muddin sukari bai daidaita ba. Ba a shafa shi a kan gyambo ko tsagewar fata, don haka dole a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kafin kowace shafawa. Wanda shafa sau huɗu a rana ta gagara, akwai filastar capsaicin mai ƙarfin kashi 8 cikin 100 da aka amince da ita a Amurka a 2020, wadda ma'aikacin lafiya ke manna wa a ƙafa na minti 30, ba a kuma maimaita ta sai bayan wata uku.