Daga Kano zuwa Jidda ko zuwa Madina: wace tafiya ce ta fi sauƙi?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya game da tafiyar Umara da kake shirin kai mahaifiyarka, kana son sanin tsakanin Jidda da Madina wace ce ta fi kusa da Kano a jirgin sama, kuma awa nawa ake yi kafin a sauka.

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan ya kai kimanin kilomita 3,400 idan aka bi miƙaƙƙiyar hanya, wadda take ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan kafin ta tsallaka Bahar Maliya. Zuwa filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina kuwa, ƙarin bai wuce kilomita 150 ba, wato tafiyar mintuna goma zuwa sha biyar. Jirgin da ba ya yada zango yakan yi awa huɗu da rabi zuwa biyar a kowace daga cikin hanyoyin biyu. Sai dai lokacin yakan ƙaru idan aka kauce wa Sudan, kamar yadda ya faru da alhazan 2023 bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu, sa'ad da aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Idan kuwa tikitin na bi ta Alƙahira ne ko Addis Ababa, zaman jira kaɗai yana iya ninka tafiyar.

A kula da agogo ma, domin Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe 10 na dare zai sauka wajen ƙarfe 5 na asuba agogon can, ko da yake jikinsa yana ganin 3 ce ta yi.

A ganina, bambancin da ya kamata ya dame ka yana ƙasa ne, bayan an sauka. Mai sauka a Jidda da niyyar wucewa Makka yana da sauran tafiyar mota ta kusan kilomita 100, kuma malamai da dama suna ganin ya kamata ya ɗaura harami tun kafin jirgi ya daidaita da miƙati. Wannan yana nufin tsohuwa za ta kwana a kujera, ta bi dogon layin duba fasfo, ta shiga mota, sannan ta fuskanci ɗawafi da sa'ayi ƙafafunta a kumbure. Mai sauka a Madina kuwa, cikin abin da bai kai rabin awa ba yakan isa masauki kusa da Masallacin Annabi (SAW), ya huta kwanaki, ya yi ziyara cikin natsuwa, sannan ya ɗauki harami a Zul-Hulaifa a kan hanyarsa ta fita gari.

Gaskiya ne akwai kimanin kilomita 450 tsakanin Madina da Makka, kuma a bas ana yin awa biyar zuwa shida, amma jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 yana cinye hanyar cikin kusan awa biyu da rabi. Saboda shekarun Hajiya, shawarata ita ce ku sauka a Madina, ku dawo gida ta Jidda, kuma ka tabbatar wakilin tafiya ya rubuta hakan a tikiti kafin ka biya kuɗi.