Labon da munka yi awon maƙoƙo a Yamai

Inna ce munka ɗauko daga Tawa, wuyanta ya ɗan kumbura, ga kasala, ga jin sanyi, cikin watan Afrilu fa da kowa ke kwana waje don zahi ita tana neman bargo. Lokotoro ya rubuta ordonans na awon jini biyu, TSH da T4, ya ce mu tahi labo, wurin awon jini.

Wurin dai tsab yake, ba laihi. Yarinyar da ta ɗebi jinin ta burge ni, ta ce Inna ki dunƙule hannu, sau guda ta soka ta samu jijiya, kwalba ɗaya kawai. Ashe ma ba sai da azumi ba, mu ko mun hana tsohuwa kununta tun asuba a banza. Kuɗi kam da ɗan ciwo don kowane awo kuɗinshi daban, ku riƙo da hwaɗi.

Inda sunka ɓata mini rai wajen rezilta ne. Washegari aka miƙo ambulan, ba wanda ya ce uffan. Na buɗe cikin taksi na ga TSH 12, kusa da shi an rubuta 0,4 zuwa 4, wato ƙimar mai lahiya, nan take na ce shi ke nan wuyan Inna aiki yake fiye da ƙima, har na kira yayana na tada mishi hankali. Ashe a juye abin yake. Lokotoro ya ce TSH ba daga wuya yake hitowa ba, wani ɗan ƙullutu ne ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke sako shi don ya tunzura na wuya, kamar mai jaki, in jaki ya yi nawa sai ya ƙara tsawa da sanda. T4 shi ne na wuyan kanshi, na Inna kuma ya yi ƙasa. Minti biyu wanga bayani ya ɗauka, me ya hana su yi shi a can?

Yanzu tana shan maganin Levothyrox da sahe, rabin awa kahin kunu, kuma gishiri mai iyod munka koma saye. An ce a sake awo bayan sati 6 zuwa 8, kuma a labo guda don lambobin injin wani wuri kan ɗan bambanta, don haka can za mu koma ko muna so ko ba mu so. Wannan karon da kunu cikin kula za mu tahi.