Gargaɗi: a kan leda aka karɓe min N85,000

N85,000, jama'ar Gombe. Dubu tamanin da biyar a kan ledar da ta naɗe a salansar motata! Har yanzu abin na ci min rai.

Wani bakanike ne a bakin hanyar Bauchi, kafin a shigo gari. Golf 3 ɗina na warin ƙonar roba, ya buɗe bonet, ya shinshina, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, kuloci ya ƙone, in ka ƙara gaba har giya za ta tafi." Girgiza kan nan ce ta ci ni. Kuma kada wani ya ce ban san mota ba. Na san gwajin sarai: ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku, ka saki kuloci a hankali. In inji ya mutu, kuloci lafiya lau. In yana zamewa, inji zai yi ta ƙugi a hanya, gudu bai ƙaru ba. Kulocin tawa kuwa ba ya zamewa. Abin da ya sa na yarda, magariba ce ta kawo kai, ga iyali a mota.

Minti arba'in wai ya sauya faifan kuloci. A Golf sai an sauke giyabos, aikin awanni ne. Washegari da muka shiga ƙarƙashi, ƙurar da ke kan notocin ko yatsa bai taɓa ta ba. Leda ce ta naɗe a salansa ta narke, ga sauranta nan baƙi ƙirin. Ai tun da ya hana ni tsayawa a kansa, ya ce in je in yi salla, ya kamata in farga. Tsohon faifan da ya nuna min ma ba na Golf ba ne. N85,000, ta POS. Hoton rasit da na notocin suna nan tafe.

In kun ji warin nan, ku kashe mota ta huce. Ku leƙa salansa. Ku duba fanbel: in yana sheƙi, ko ga baƙin gari a gefen fuli (ƙarfen da yake zagayawa a kai), zamewa yake, a ɗaure ko a sauya. Ku kusanta hannu da kowane rim. Wanda ya fi zafi, birkinsa ne ya kama. Ku duba tiyo ko waya da ke taɓa inji, da baƙin mai da ke ɗiga a kan salansa. Kuma kada ku biya ko sisi sai an cire kayan a gaban idonku.