Na sayi faifan Shiraz na BFI saboda Seeta Devi, ga yadda na gan shi

Jama'a ni tun ina yaro nake cikin harkar kallon Indiya, irin mu ne da aka riƙa kora daga bakin taga a gidan maƙwabta, daga baya muka koma kaset, muka koma CD, yanzu kuma ga fassarar Hausa a waya, to amma wallahi ban taɓa zama na tambayi kaina ba wai kafin su fara waƙa da rawa me suke yi? Sai bara da na ci karo da wani ɗan guntun bidiyo baƙi da fari, wata yarinya da gyale ta ɗago ido tana kallon wata mata, babu magana babu komai amma kallon nan kaɗai sai da na ji shi a ƙirjina. Da na bi diddigi sai na gano sunanta Seeta Devi, fim ɗin kuma Shiraz na 1928. Shi ne na damu wani ƙanina da yake karatu a Ingila ya sayo min faifan da BFI suka fitar, wato hukumar finafinai ta Birtaniya, ya taho min da shi da ya zo hutu. Na kalle shi sau huɗu yanzu, shi ya sa nake ganin na isa na faɗi wani abu a kai.

Bari na fara da kwalin kansa tunda shi mutum zai fara taɓawa. Faifai biyu ne a ciki, Blu-ray ɗaya DVD ɗaya, fim ɗaya ne a dukansu, sai ɗan littafi na bayani da Turanci. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne maganar yanki, wato yadda ake kulle faifai ya yi aiki a na'urorin wani sashen duniya kawai. Blu-ray ɗin na yankin B ne kuma Afirka tana cikin yankin B, saboda haka ba matsala in kana da na'urar. Shi kuma DVD na yanki na 2 ne, mu Najeriya a lissafinsu yanki na 5 muke, amma yawancin ƙananan DVD ɗin da ake sayarwa a kasuwanninmu ba ruwansu da wannan, komai ka saka musu ci suke, nawa dai bai yi gardama ba. Duk da haka in kana da hali ka kalli Blu-ray ɗin a babbar talabijin, bambancin ba kaɗan ba ne.

Hoton fa, tab. Fim ɗin da ya kusa shekara ɗari amma kana ganin zaren da ke jikin mayafi, kana ganin ƙura tana tashi a ƙafar raƙuma, kana ganin kwallin da ke idon yarinyar. A 2017 suka gama gyaran aka fara nuna shi a bikin finafinai na Landan, kuma a cikin faifan sun saka ɗan gajeren bidiyo da ke nuna yadda hoton yake kafin gyara da bayan gyara, duk zane-zane da tabo da rawar da hoton yake yi sun share. Ban san sau nawa na maimaita wannan guntun ba, aiki ne na haƙuri irin na mai ɗinkin hula.

To yanzu ita. Asalin sunanta Renee Smith, ruwa biyu ce, jinin Turawan Ingila da na Indiya, an haife ta 1912. A wancan zamanin a Indiya fitowar mace a fim abin kunya ne babba, har fim ɗinsu na farko mai tsawo a 1913 namiji ne ya saka kayan mata ya fito a sarauniya don an rasa macen da za ta yarda. Shi ya sa 'yan mata irin su Renee, waɗanda gidajensu ba su da wannan tsananin, su suka cike gurbin, sai a canza musu suna zuwa na Hindu don 'yan kallo su karɓe su, kamar yadda Ruby Myers ta koma Sulochana. Ita Renee tana da shekara 13 kacal Himanshu Rai ya ɗauke ta a Prem Sanyas na 1925, labarin Buddha, ta fito a matarsa Gopa, kuma daga nan sunan Seeta Devi ya bi ta. Finafinai uku ta yi da wannan tawagar, Rai yana shiryawa wani Bajamushe Franz Osten yana ba da umarni, na farko shi ne wancan, na biyu Shiraz, na uku Prapancha Pash na 1929. A tsakani kuma ta yi aiki da kamfanin Madan Theatres na Kalkata.

Abin da ya sa na ce Shiraz zan fara saye a cikin ukun, a sauran biyun ita ce yarinyar kirki da ake so, a nan kuwa ita ce muguwa, kuma kowa ya san a wajen mugunta ake gane ɗan wasa. Labarin ƙirƙira ne aka jingina shi da ginin Taj Mahal. 'Yan fashi sun tare ayari a daji, an kashe kowa sai wata ƙaramar yarinya da laya a wuyanta, wani maginin tukwane ya tsince ta ya raɗa mata Selima ya raine ta tare da ɗansa Shiraz, yaron ya taso yana mutuwar sonta, sai masu kamen bayi suka sace ta aka sayar da ita ga gidan Yarima Khurram wanda daga baya zai zama Shah Jahan, sarkin da ya gina Taj Mahal. Yarima ya kamu da sonta. To a nan Dalia ta shigo, 'yar babban kwamandan yaƙi wadda ta riga ta ƙudurta a ranta ita za ta zama sarauniya, ita ce Seeta Devi.

Ku tuna fa shekararta 16 a lokacin. Amma yadda take tafiyar da kissa sai ka ce ta yi shekara ashirin a gidan kishiyoyi. Ba ta yin irin wannan wurgar da hannu da zare ido da na zata duk finafinan da babu magana haka suke. A gaban Yarima fuskarta ruwan sanyi, murmushi, sunkuyar da kai, da zarar ya juya baya sai idon ya ƙanƙance, leɓen ya ɗan motsa, shi ke nan ka riga ka san akwai abin da take ƙullawa. Wajen da ta samu hatimi ta buga a takardar izinin shiga don a shigo da Shiraz ɓangaren mata a kama shi tare da Selima, hannunta na aiki idonta na bakin ƙofa, numfashinta ma kana ganinsa a kafaɗarta. Ni a nan na tsayar da faifan na koma baya. Kuma abin da ya fi burge ni ba ta mayar da Dalia shaiɗaniya zalla ba, akwai tsoro a tare da ita, kana ganin yarinya ce da ta sa rai da abu tun tana ƙarama sai ga wata baiwa daga kasuwa ta zo za ta ɗauke, har lokacin da asirinta ya tonu aka kore ta sai da na ji wani iri duk da na san muguntar da ta yi.

Kallo na biyu tare da Hajiyarmu na yi, ita da ba ta jin Turanci, na ce zan riƙa karanta mata rubutun da ke fitowa a tsakani. Ba a yi minti talatin ba ta ce min "kai rabu da ni, ai ina gani." Da Dalia ta fito ta yi wannan kallon nata Hajiya ta ce "wannan 'yar kishi ne zai kashe ta, ka ga idonta." Ban fassara mata komai ba daga nan har aka kai wajen giwa. Shi wannan wajen, an yanke wa Shiraz hukunci giwa ta taka kansa, an kwantar da shi an ɗora kan a kan dutse, giwa ta gaske ta ɗaga ƙafa a saman kan mutum na gaske, babu kwamfuta babu dabara irin ta yanzu, Hajiya salati kawai take. Ni kaina da na san zai tsira sai da cikina ya ɗuri ruwa.

Kiɗan kuma Anoushka Shankar ce ta yi shi sabo, 'yar shahararren makaɗin nan na Indiya Ravi Shankar, sitar da tabla da sarewa haɗe da wasu kayan kiɗan Turawa. Gaskiya ya zauna. Akwai wani sauti da take sakawa idan makirci ya fara, ƙasa-ƙasa kamar ana jan igiya, yana ƙara wa wasan Seeta Devi nauyi ba tare da ya danne shi ba. Wuri ɗaya ko biyu na ji kiɗan ya yi zamani da yawa har ya ɗan fitar da ni daga 1928, amma ba abin da zai hana ka kallo ba ne.

Sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, don bai kamata na yi ta yabo kawai ba. Na farko, ƙarin bidiyon da ke cikin faifan tsofaffin gajerun finafinai ne, ɗaya kan wuraren bautar Indiya ɗaya kan kayan kiɗansu, suna da kyau a matsayinsu amma ni da na sayi abin saboda jaruma na so a ce an zauna an yi ko minti goma ne a kan rayuwarta da sauran 'yan matan da suka ɗauki finafinan Indiya a kansu lokacin da kowa yake gudu. Na biyu rubutun tsakani da littafin duk Turanci ne, wanda ba ya ji zai bi labarin kamar Hajiya amma sunaye da wasu ƙananan bayanai za su wuce shi. Na uku, tsakiyar fim ɗin da kuma ƙarshensa bayan an kori Dalia suna da ja, gaskiya da ta fita sai na ji wutar ta ragu, Enakshi Rama Rau da ta fito a Selima kyakkyawa ce kuma tana da natsuwa amma rawar da aka ba ta ta zama a kalle ta ce kawai. Sannan ga masu kallo da iyali, akwai sumbata a ciki, wanda ma abin mamaki ne ga wanda ya saba da Indiyan shekarun baya da sai dai a nuno fure biyu, to ku san da wannan kafin ku tara yara.

Wani abu kuma kada wani ya ɗauki labarin a matsayin tarihi. Mumtaz Mahal, matar Shah Jahan da aka gina Taj Mahal saboda ita, wadda ita ce Selima a fim ɗin, ba a kasuwar bayi aka saye ta ba, 'yar babban gida ce, ta rasu 1631 wajen haihuwa, kuma wanda aka fi danganta zanen Taj Mahal da shi Ustad Ahmad Lahauri ne, ba wani makahon maginin tukwane ba kamar yadda fim ɗin ya nuna Shiraz a ƙarshe. Niranjan Pal ne ya ƙirƙiri labarin a wasan kwaikwayonsa. Amma wuraren na gaske ne, a Indiya aka ɗauki komai, a Agra da fadoji na ainihi da hasken rana, shi ya sa idan aka nuno ganuwa da soraye da dawakai da 'yan rakiya sai ka ji kamar kana kallon hawan sallah na wata ƙasa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda aikinta ya yanke. A 1931 sauti ya shigo finafinan Indiya, nan take aka koma neman wanda ya iya Hindi da Urdu da waƙa, su kuma 'yan matan nan ruwa biyu yawancinsu Turanci ne a bakinsu. Sulochana sai da ta ajiye aiki ta je ta koyi Hindi sannan ta dawo. Himanshu Rai ya ci gaba, shi da matarsa Devika Rani suka kafa Bombay Talkies a 1934 suka tafi da Franz Osten, sunan Devika ya cika duniya. Seeta Devi kuwa 'yan shekaru kaɗan bayan zuwan sauti sunanta ya ɓace daga allo tana da shekara ashirin da 'yan kai, ta rayu har 1983. Shekara hamsin ke nan mutum yana raye masana'antar da ya taimaka aka kafa tana ta girma ba tare da shi ba. Kuma Indiya ta yi finafinai marasa magana fiye da dubu, waɗanda suka rage 'yan ƙalilan ne, sauran sun ƙone ko sun ruɓe ko an narkar da su don a cire azurfar da ke jikin fim ɗin. Nata ukun nan sun tsira ne saboda da kamfanonin Turai aka yi su, kwafi ya zauna a can. Da ba don haka ba da ko wannan kallon nata da ya ja ni ba zan taɓa gani ba.

Wa zan ce ya saya? Duk wanda yake son Indiya da gaske ba don waƙa kaɗai ba, da kuma 'yan Kannywood musamman mata masu fitowa a kishiya ko uwar miji, don Allah ku nemi wannan faifan ku ga yadda ake nuna ƙiyayya ba tare da ihu da tafa hannu ba. Wanda kuma in babu faɗa da rawa barci yake yi, ya bar kuɗinsa. In maki zan bayar, hoto goma bisa goma, kiɗa tara, ƙarin bidiyo biyar.

Prapancha Pash ma BFI sun fitar da shi a DVD da kiɗan Nitin Sawhney, a can ita ce Sunita da sarakuna biyu suke caca a kanta, na riga na tura wa ƙanin nawa hoton kwalin, in Allah ya dawo da shi lafiya a hutun ƙarshen shekara zan zo na ba ku labarinsa. Hajiya ma ta ce in ya iso kada na kuskura na kunna ba ta nan.