Wata huɗu da ragar atisayen golf a cikin gidana a Agege

A Kaduna na fara wasan golf, amma tun da aiki ya dawo da ni Legas hannuna ya mutu. Ina zaune a Agege, ina aiki a Apapa, kafin in fita daga gosulo in iso gida an yi isha. Asabar kaɗai nake samun leƙa filin Ikeja, ita ma idan ruwan watan Yuni ya tsuge sai a haƙura. Wannan ya sa na sayi raga da tabarmar ciyawar roba ta intanet don in riƙa bugu a gida.

Ragar faɗinta kusan mita 3 ne, tsayinta mita 2. Ɗaya daga cikin sandunan da ke riƙe ta ya zo a tsage, sai da na yi mako biyu ina kira kafin mai kayan ya canza min. Bayan wannan ba ni da ƙorafi a kanta. Ƙwallon golf ba ta wuce giram 46 ba, amma da ƙarfi take fita, kuma har yau ba ta taɓa fasa ragar ba. Duk da haka na rataya tsohon bargo a bayanta saboda taga. Ƙarar ce dai ta dami mutanen gida, har uwargida ta ce, "Maigida, don Allah in dare ya yi a tausaya wa maƙwabta." Tun daga ranar, bayan magariba ƙwallon soso nake bugawa.

Abin da ban lissafa ba shi ne rufin ɗaki. Babbar sandar bugun farko ta kai inci 45, ba ta ɗaguwa a ɗakin ko kaɗan. Ko sanda mai lamba 7, wadda ta fi ta gajarta, kafin in iya ɗaga ta sai da na kira mai gyaran wuta ya cire fankar sama, na koma amfani da ta ƙasa, don zufar Legas ba ta barin mutum ya yi minti goma ba iska.

Tabarmar ce ta cuce ni, kuma a kanta nake so duk mai niyyar saye ya tsaya ya saurara. A kan ciyawa ta gaske, idan kan sandarka ya riga taɓa ƙasa kafin ƙwallo, nutsewa zai yi, ƙasa ta tashi, ƙwallon ta faɗi nan gabanka, nan take ka san ka yi kuskure. A kan tabarma siririya da aka shimfiɗa bisa tayil kuwa, sandar zamewa take yi ta je ta sami ƙwallon, ka ji ƙara mai daɗi, ka ɗauka hannunka ya faɗa. Mako shida na yi a haka ina murna. Ranar da na koma fili, bugu bayan bugu ƙasa nake tonawa, raina ya ɓaci ƙwarai. Mai horar da mu ya tsaya ya kalle ni, ya ce, "Alhaji, a kan tabarma kake atisaye ko?" Shi ya koya min in shimfiɗa ƙaramin tawul kamar taƙi ɗaya a bayan ƙwallon. In sandar ta kwashi tawul, to na riga taɓa ƙasa ke nan. Daren farko, a bugu goma sau bakwai na kwashe shi. Gwiwar hannuna ma ta fara ciwo saboda taurin tayil, sai da na sa katifar roba a ƙarƙashi ya lafa.

Ita ma ragar tana ɓoye abu guda: ƙwallon ba ta yin mita 3 take tsayawa, ba za ka ga ko ta lanƙwasa dama ba, wanda shi ne tsohon ciwona. Dabara biyu suka taimake ni. Ina shafa alli a fuskar sandar in ga inda ƙwallon ta taɓa. Sannan ina ɗora waya a kan kujera ta ɗauke ni, in kalla a hankali. A nan na gane nauyina yana maƙalewa a ƙafar baya lokacin bugu, abin da aka sha gaya min ban taɓa yarda ba sai da na gani da idona. Yanzu minti ashirin nake yi bayan asuba, rabinsu ba ƙwallo, juya ƙugu kawai da mayar da nauyi ƙafar gaba.

Ragar zan ci gaba da amfani da ita. Tabarmar kuwa ƙarshen wata zan canza ta da mai kauri. Wani abokina da ke Obalende ya ce zai sayi irin kayan, na ce masa ya fara ɗaukar sandarsa mafi tsawo ya shiga ɗakin ya ɗaga ta a hankali tukuna, kafin ya tura wa kowa kuɗi.