Ziyarar Madina da ta koma cinikin dabino

Ban so yin magana ba tunda tafiyar ibada ce, amma abin ya ƙi barin raina. Ba zan kama sunan kamfanin ba. A takardar da suka ba mu lokacin biyan kuɗin Umra an rubuta ɓaro-ɓaro cewa har da ziyara a Madina, kuma ni da Hajiyarmu muka tafi. Masauki da abinci ba laifi.

An ce mu fito ƙarfe 7 na safe. Hajiya ta ɗaura alwalarta a ɗaki, ta ƙi kurɓar ko shayi, saboda hadisin nan da ya ce wanda ya yi tsarki a gidansa ya je Masallacin Ƙuba ya yi salla yana da lada kamar na Umra. Tun muna gida take zancen raka'a biyun nan. Tsohuwa ce mai shekara 71, ga ciwon gwiwa.

Mota ba ta zo ba sai takwas da rabi. Jagoran ya fara da Uhudu, ya ce minti 20. A Uhudu fa! Inda Sayyidina Hamza da shahidai kusan 70 suke kwance. Ko dutsen maharba, inda Manzon Allah (SAW) ya tsayar da mutum 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair, bai nuna wa kowa ba. Ni na riƙa yi wa matan da ke kusa da ni bayani da ɗan abin da na tsinta a Islamiyya. Masallacin Ƙiblataini kuwa ta taga muka hango shi, ya ce "ga shi can", direba ko birki bai taka ba.

Sai ga mu a "gonar dabino". Kanti ne kawai mai sanyi, da 'yan bishiyoyi a baya don masu ɗaukar hoto. Nan kuma agogon Malam ya tsaya cak. Mutumin da ya rasa bakin magana a Uhudu sai ga shi yana zuba kamar kanya: wannan ajwa, wannan safawi, wannan ambar, yana ta maimaita hadisin cin ajwa bakwai da safe. Ko makaho ya san akwai kamasho. Awa ɗaya da rabi muka yi. Hajiya na gefe kan kujera da carbinta, ana miƙo mata gahawa tana girgiza kai. Sau biyu ina samunsa, "Malam, Ƙuba fa?" Sai ya ce, "Hajiya, ki ƙara haƙuri, yanzun nan." Ni ma dai shashasha, na sayi kwali biyu.

Rana ta take muka isa Ƙuba. Ya ce minti 15, wai direba na da wasu fasinjojin. Daga inda motoci ke tsayawa zuwa ƙofar mata tafiya ce ga mai ciwon ƙafa, ga turmutsutsu. Na ce masa sai dai ku tafi ku bar mu. Suka tafi kuwa. Hajiya ta yi sallarta a natse da alwalar da ta riƙe tun safe, ta fito tana share hawaye, muka tari tasi da kuɗinmu.

Tsakani da Allah, bayan nan sun yi abin kirki. Jirgin ƙasan Haramain suka yankar mana tikiti zuwa Makka, ba mu cika awa uku ba, gwiwar Hajiya ta huta. Direban da suka haɗa mu da shi ranar komawa kuma Bahaushe ne haifaffen Makka, ya ce kakansa da ƙafa ya zo ta Sudan. Hausarsa ta tsofaffi, tana gauraye da Larabci, Hajiya ta yi ta dariya. Ya biya da mu Shara Mansur muka ci tuwon shinkafa, sannan a Jidda ya zagaya da mu tsohon gari, Al-Balad, gidaje masu hawa-hawa da aka gina da dutsen teku, tagoginsu na katako mai ado. Ya nuna mana Baitu Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya shiga Jidda a 1925. Babu wannan a takarda, kuma da ƙyar ya karɓi ɗan alherin da muka ba shi. A filin jirgi har na ce na yafe musu.

Sai da muka dawo gida na buɗe kwalin rabon tsaraba. Layin sama ajwa ce mai laushi, na ƙasa ƙanana busassu, kunya ta hana ni aika wa surukaina. Maƙwabciyarmu da ta saya a kasuwar dabino ta kusa da Harami ta samu mai kyau, kuma da sauƙi sosai a kan nawa. Na kira ofishinsu kan kuɗin tasi, yarinyar ta ce ai ziyara kyauta suka haɗa mana. Na tura mata hoton takardar ta WhatsApp. Yau sati uku ke nan, ta gani, ba ta amsa ba.